RAYAYYA A JERIN MAMATA

SHAFI NA 14

Masu cika min waya da "ina cigaba, ina cigaba", to ga shi. Shawarata ku nemi wuri ku zauna kafin ku fara.

"Likita?"

Hannunta ya tsaya cak a kan zanin gadon da take ninkewa.

A asibitin nan sau ɗari ake kiran wannan sunan a wuni, ba ta taɓa ɗaga kai ba, don ta san ba da ita ake ba. Ita mai wanki ce. Shekararta tara a wannan ɗakin na bayan asibiti, tsakanin injinan wanki uku da tsibin zannuwan gado masu warin magani. Amma wannan kiran daban yake. Irin wanda ake yi mata ne a sakandare, lokacin da take ɗaukar na ɗaya tun daga aji ɗaya har aji shida, har 'yan ajinsu suka watsar da sunanta na gaskiya suka laƙaba mata Likita.

A hankali ta juyo.

Wata mata ce a bakin ƙofa, mai jiki sosai, da farin gilashi a idonta. Suna haɗa ido jakar hannun matar ta suɓuce ta faɗi. Ta ja da baya har ta bugi ƙyaure.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ke mutum ce?"

"Baiwar Allah, lafiya? Ba a shigowa nan."

"Wallahi muryar ce. Wallahi ita ce!"

Sai da matar ta buɗe baki tana kuka sannan Likita ta hango wushiryar.

"Tsinke?"

Shekara shida suna zama a benci ɗaya. A lokacin Tsinke ba ta da kaurin muciya, iska mai ƙarfi ma sai ta riƙe bango.

Tsinke ta matso, ta sa yatsa ɗaya ta taɓa kafaɗarta, ta janye da sauri. Ta sake taɓawa. Sai kawai ta rungume ta ta fashe da wani irin kuka, har mai guga ta leƙo daga ɗaya ɗakin.

Likita dai tana tsaye ƙiƙam. Ba ta ɗaga hannu ta rungume ta ba.

"Sake ni, za ki ɓata kayanki. Jikina duk sabulu ne."

A bayan ɗakin wankin akwai wani dakali a ƙarƙashin igiyoyin shanya. Nan suka zauna, jiƙaƙƙun zannuwa suna ɗiga a gabansu.

"Bargon 'yata na biyo," in ji Tsinke tana share majina. "Jiya aka yi mata aiki, aka haɗa bargon da zannuwan gado aka kawo nan. Ashe rabon in gan ki ne."

"Allah ya ba ta lafiya."

"Kin san sunanta?"

"Ina zan sani?"

"Sunanki na sa mata."

Likita ta yi wani guntun murmushi wanda bai kai ido ba.

"Kin kyauta. Amma da sa sunan da leƙo ni sau ɗaya a gadon asibiti, da leƙowar kika yi ta fi min."

"Likita..."

"Wata huɗu na yi a kwance, Tsinke. Kullum idona na kan ƙofa. Mu hamsin da biyu ne a aji, ko kare bai leƙo ba. Na ce to, ba laifinsu ba ne. Wa zai so a ce ƙawarsa ce ta hau tebur ana saura sati biyu jarrabawa, tana yaga littattafai tana surutai? Har yau ina jin dariyar 'yan bayan aji a kunnena."

"Sau biyu na zo gidanku! Aka ce an kai ki wajen dangi ana miki magani, ba a ganinki."

"Bayan na warke fa? Shekara ashirin fa?"

Tsinke ta zuba mata ido, bakinta a buɗe.

"Wai ke ba ki sani ba?"

"Me zan sani?"

Tsinke ta ciro waya. Ta shiga wani guruf, ta yi ta ja sama, sannan ta miƙa mata.

"Guruf ɗin 'yan ajinmu ne. Asabar ɗin nan za mu yi taron cika shekara ashirin da gamawa. Duba wannan."

Hoto ne mai baƙin zagaye, an jera fuskoki bakwai. A sama an rubuta: 'YAN UWANMU DA SUKA RIGA MU GIDAN GASKIYA.

Likita ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ta gane na farko, yaron da ke buga musu ƙararrawa. Ta gane ta biyu. Da ta zo kan ta uku sai ta tsaya.

Yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas cikin kayan makaranta, ta ɗan karkatar da kai, tana murmushin wanda duniya ke jiransa.

Ita ce.

Ta daɗe tana kallo. Injin wanki ɗaya ya gama juyi ya yi ƙara ya tsaya, ba ta motsa ba.

"Yaushe na mutu?"

"Don Allah ki daina faɗin haka."

"Tambayarki nake. Yaushe?"

"Bayan jarrabawa da kamar wata biyar. Labarin daga makaranta ya fito. Mu tara muka haɗu muka zo gaisuwa, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce kun tashi, ba su san inda kuka koma ba. A bakin ƙofar muka tsaya muka yi miki addu'a."

"Su makarantar wa ya gaya musu?"

Tsinke ta sunkuyar da kai.

"An ce daga gidanku aka faɗa."

Likita ta ajiye wayar a kan dakali kamar mai ajiye ƙwai. Ta haɗa hannayenta biyu ta matse tsakanin cinyoyinta, don sun fara rawar nan da ƙwayoyin da take sha safe da yamma suka bar mata.

"Ki zo taron nan," in ji Tsinke. "Ni zan zo in ɗauke ki da kaina. Wallahi wurin sai ya kusa tsagewa don murna."

"In zo a wace ce?"

"A ke mana!"

"Wace ni ɗin? Ta cikin hoton, ko wannan?" Ta nuna rigar aikinta mai ruwan toka da takalmin roba. "Ke yanzu me kike yi?"



"Koyarwa nake. Kimiyya."

Likita ta yi dariya, dariyar gaske wannan karon, har da dafa ciki.

"Ke? Ke da nake rubuta wa amsa a bayan rula?"

"Ni ɗin dai. Tsinke ya zama turmi, daƙiƙiya ta zama malama."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Sauran fa?"

"Akwai likitoci uku. Akwai lauya. Wasu 'yan kasuwa ne, wasu kuma suna nan dai ana ta fama. Ba kowa ne ya samu ba, Likita, kada ki ɗauka..."

"Amma babu mahaukaci ko ɗaya."

"Subhanallahi! Wa ya kira ki haka?"

"Mijin da na aura. Wata bakwai muka yi. Ranar da ya ga katin asibitina a ƙasan akwati, ko la'asar ban kai ba a gidan." Ta ɗauki wayar ta sake kallon hoton. "Me suke cewa a kaina a guruf ɗin?"

"Kullum sai an yi zancenki. Ana cewa da kina raye da yanzu ba a san inda kika kai ba. Ɗakin karatun da muka gyara wa makaranta ma, an yanke shawara sunanki za a sa masa. Ranar Asabar za a buɗe."

"To kin gani."

"Na ga me?"

"Wannan yarinyar tana da daraja. Ana yi mata addu'a, ana sa wa 'ya'ya sunanta, har ɗakin karatu ta samu. In na shigo wurin nan da wannan hannun mai rawa, kashe ta zan yi. Minti biyar za a yi ana kuka, sai a koma raɗa. 'Ashe wanki take a asibiti.' 'An ce har yanzu yana taɓa ta.' Sai a fara tara min tausayi kamar ana tara wa almajirin... a'a, Tsinke. Ku bar ta a inda take. Ta fi ni dacewa."

"Haba Likita, haba!"

"Ki yi min alkawari ba za ki gaya wa kowa ba."

"Ta yaya zan zauna ana karanto sunanki cikin mamata ina ji?"

"Yadda kika zauna shekara ashirin. Ki yi alkawari."

Tsinke ta yi ta kuka. Da ƙyar ta gyaɗa kai.

"Ko lambarki ki ba ni."

Likita ta karanto mata. Sannan ta tashi ta shiga ciki, ta tono wani bargo mai zanen furanni daga cikin tsibin kaya, ta miƙo mata ta taga.

"Ki gaida takwarata."

Ba ta jira lokacin tashi ba. Ta ce wa shugabar masu wanki kanta ke ciwo, ta fita. A cikin mota mutum ɗaya kawai take gani a idonta: Yaya.

Yaya, wanda ya ɗaure mata hannu da igiya ranar da aka ɗauko ta daga makaranta. Yaya, wanda har yau dangin matarsa ba su san yana da ƙanwa ba.

Ta tarar da takalmansa a ƙofar ɗaki. Direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai leƙo ba, yau kuma ga shi Allah ya kawo shi. Yana tsugune ya kwance fanka yana goge mata ƙura. A kan katifa Umma ce kwance, an tokare ta da filo biyu. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ke mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki.

"Kin dawo da wuri," in ji Yaya bai ɗago ba.

"Yaya, yaushe na mutu?"

Sukurudirebar hannunsa ta tsaya.

"Kin sha maganinki yau?"

"Na sha. Da hankalina nake maka magana, kada ka fake da wannan. Yau na ga hotona a jerin mamatan ajinmu. An ce daga gidan nan aka aika cewa na rasu."

"Wa kika haɗu da shi?"

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ki rage murya, Umma na jin ki."

"Gara ta ji! Ta ji abin da ɗanta ya aikata. Na san kana jin kunyata, Yaya, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Bikinka a ɗaki aka kulle ni, na yi shiru. 'Ya'yanka suna ce min 'matar da ke kula da Kaka', na haɗiye. Amma ka binne ni da raina? Shekara ashirin ina tsine wa mutane a zuciyata, ina cewa sun guje ni, ashe sun zo har ƙofa sun yi min addu'ar mamaci!"

Yaya ya miƙe tsaye. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Duk abin da kika lissafa na yi, kuma Allah zai tambaye ni. Amma wannan ba ni ba ne."

"Ƙarya kake!"

"Ni kike ce wa ƙarya?"

"In ba kai ba wa? Baba ya rasu tun ina aji biyu. Mu uku ne a gidan. In ba kai ba..."

Ba ta ƙarasa ba.

Daga waje ana jin wata maƙwabciya tana zuba ruwa a bokiti.

"Ni ce."

Muryar ta fito a karkace, kamar yadda take fita tun da ciwon ya taɓa mata baki.

Likita ta juya a hankali.

"Umma, ba da ke ake ba. Ki kwanta."

"Ni ce na faɗa. Ƙyale yayanki."

"Umma, don Allah ki bari," in ji Yaya. "Jininki zai hau."

"Ya hau. Na gaji da riƙe shi."

Likita ta matso. Ta zube a gefen katifar, a daidai inda take durƙusawa kullum ta ba ta abinci.

"Ke da kika kwana wata huɗu a ƙasan gadona?"

"Shi ya sa," in ji Umma. "Ni na ga abin da na gani. Ana danne ki mutum huɗu ana miki allura. Cikin barci kina karanto lissafi, kina kuka kina cewa lokaci zai ƙare ba ki gama ba. Da za a sallame mu likitan ya ce a nisanta ki da duk abin da zai wahalar miki da kai."

"Sai kika ce na mutu."

"Ba haka kawai ba. Malaminku ne ya ƙi barinmu. Na lissafi, mai keken nan."

Likita ta ɗago da sauri.

"Malam ya zo?"

"Sau uku."

"Gidanmu?"

"Na farko na ce ba kya nan. Na biyu na ce ba kya ganin mutane. Na uku ya zo da takarda a hannu, yana ta murna kamar an yi masa haihuwa. Wai ya yi ta zirga-zirga har an yarda ki zana jarrabawar shekara mai zuwa. Wai shi da kansa zai riƙa zuwa gida yana koya miki, a hankali, ba takura. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana koyarwa bai taɓa ganin kai irin naki ba, haram ne a bar shi ya tafi a banza."

"Ina ina lokacin?"

Umma ta rufe ido.

"Umma, ina ina?"

"Kina ɗaki. Kina barci. Labule ne kawai tsakaninku."

Yaya ya juya ya fuskanci bango.

"Na san in kika ji muryarsa za ki tashi," in ji Umma. "Na san in kika ga takardar nan ba mai hana ki. Sai na ji bakina ya ce masa, 'Malam, ai yarinyar Allah ya yi mata rasuwa shekaranjiya.' Wallahi ban shirya ba, fitowa kawai ta yi. Ya jingina keken da bango ya zauna a ƙasa, babba da shi, ya yi ta kuka. Ya yi miki addu'a ya tafi. A satin na sa yayanki ya nemo mana wani gidan."

Likita ba ta yi kuka ba. Idonta a bushe yake ƙamas.

"An yarda in zana."

"Na zaɓi 'ya mai rai ne. Ko wanki take, ko shara take, in dai ina ganinta. Ke ba ki haihu ba, ba za ki gane ba."

"To ciwon bai dawo ba, Umma?"

Umma ta kawar da kai.

"Sau uku ya dawo. Babu littafi, babu alƙalami, babu Malam, ya dawo. Me kika tsare?"

Hawaye ya gangaro daga idon Umma na hagu ya shige cikin kunnenta. Shekara huɗu duk hawayen da ya zubo a fuskar nan Likita ke sa gefen zani ta goge. Yau ta kalle shi kawai.

"Ki yafe min."

"Yanzu shekarata talatin da takwas. Layi biyu in na karanta sai ya tarwatse min. Ko cokali ba na iya riƙewa bai yi ƙara ba. In na yafe miki, a ina zan karɓo sauran?"

"Ya isa haka," in ji Yaya a hankali. "Bakin alƙalami ya bushe. Taron nan dai kada ki je. Tonon asiri ne kawai, a zo ana zagin tsohuwa tana kwance."

"Wa ya ce maka zan je? Ni da aka gama yi wa addu'a?"

Wayarta ta fara ruri a aljihun rigar aiki.

Ta ƙyale ta har ta katse. Wayar ta sake ɗaukar ruri. Ta ciro ta duba, baƙuwar lamba ce. Yatsanta mai rawa ya zame ya danna amsa, ya haɗa da lasifika.

"Likita, ni ce Tsinke. Ki yi haƙuri, wallahi na kasa. Ban sa a guruf ba, mutum ɗaya kawai na gaya wa, shi aka ba jagorancin addu'ar mamatan ranar Asabar. Yanzu haka ina gidansa. Idonsa ya tafi, ba ya gani, ya ce ba zai yarda ba sai ya ji da kunnensa. Ga shi."

Aka yi ƙaraf-ƙaraf da wayar. Sai numfashin tsoho, mai nauyi, yana fita da ƙyar.

"Salamu alaikum."

Likita ta ƙura wa wayar ido. Muryar ta tsufa, ta dushe, amma ko a cikin dubu za ta tsince ta.

Malam ne.

"An gaya min wata magana," ya ce. "Ni kuwa da kunnena mahaifiyarki ta ce min kin rasu. Shekara ashirin ban taɓa ɗaga hannu ban sa ki a addu'a ba. Kullum ina cewa ni na kashe ki, ni na matsa miki da karatu. 'Yata, in ke ce, ki yi wa Allah ki yi magana."

Hannun Umma na hagu, mai lafiyar, ya damƙi wuyan hannunta da wani ƙarfi da ba ta san tana da shi ba. Umma ta girgiza kai, idanunta sun firfito, leɓenta na motsi.

"Ki ce ba ke ba ce. Don darajar nonon da kika sha, ki ce masa ba ke ba ce."

"Ina saurare," in ji Malam. "Ke ce?"

Likita ta kalli Umma. Ta kalli wayar.

Ta buɗe baki.